Kawu Haladu da Sammacin da Ban Kai Ba

Shekara tara ke nan cif da rasuwar Kawu Haladu, ƙanen mahaifiyata. Takwas daga cikinsu sun zo sun wuce ban rubuta komai a kansa ba. Abin da nakan yi shi ne in yi masa addu'a bayan sallar asuba, in kira gida mu gaisa, in kama motar aiki. Bana abin ya ƙi. Ina zaune a ɗakina a Suwaidi, nan Riyad, da wani nauyi a ƙirjina wanda na san shi kaɗai zai gane irinsa, kuma ba ya nan balle in tambaye shi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kawu ya yi shekara ashirin da shida a sashen zartar da hukunci na wata babbar kotu a garinmu, goma sha ɗaya daga ciki yana shugaban sashen. Mutanen gari ba su san wannan dogon suna ba, 'yan kotu kawai suke kiranmu. Mu ne masu kai sammaci, mu ne kuma ake turawa idan alƙali ya ce a fitar da wane daga gida ko a kama kayan wane. Ba aikin da ake so ba ne. Ba wanda ya taɓa yi mana shimfiɗa don mun zo. Mutum tara ne a ƙarƙashin Kawu, kuma ni ne na tara, domin shi ya yi mini hanya bayan na shekara biyu ina zaman banza da takardar makaranta a aljihu.

Da sassafe yake raba mana takardu. Kafin ya miƙa maka ɗaya, ya riga ya karanta fayil ɗin tun daga bango, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin suna da unguwa. Idan fita ce ta zartar da hukunci, shi yake rubuta wa 'yan sanda neman rakiya, shi yake zaɓar ranar, kuma ba ya zaɓar Juma'a ko ranar kasuwar unguwar. Ba ya tura yaransa inda shi bai je ba. Idan ka dawo daga kai sammaci kuwa, kafin ya sa hannu a ƙarƙashin naka, sai ya ɗago kai ya jefo maka wata tambaya da ba ka zata ba: wane ne ya buɗe maka, akwai bishiya a ƙofar gidan, ƙofar wane launi ce. Mukan yi masa dariya a bayan ido. A ofis Yallaɓai nake kiransa, kamar kowa. Kawu sai an koma gida.

A shekarata ta uku aka ba ni sammacin wani dattijo, Malam Garba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda wani attajiri ya yi ƙararsa a kan gidan da yake ciki. Damina ce, lungun ya cika da ruwa, babur ɗina ya mutu a bakin titi. Na tsaya a wani shago a bakin lungun na tambaya, mai shagon ya nuna mini can ciki ya ce gida na huɗu. Na dubi ruwan, na dubi takalmina. Na ba shi takardar na ce ya miƙa, ya ce in kwantar da hankalina. Da na koma ofis na rubuta cewa na damƙa wa Malam Garba hannu da hannu.

Kawu ya ɗago kai. “Ƙofar wane launi ce?”

“Shuɗiya ce, Yallaɓai.” Na hango wata shuɗiyar ƙofa daga nesa, na ɗauka ita ce.

Ya sa hannu.

Wata biyar bayan haka, kotu ta yanke hukunci a bayan idon Malam Garba, tun da an ce an kira shi bai zo ba. Aka ce a fitar da shi. Ranar Talata da hantsi muka isa lungun: Kawu, mu huɗu, 'yan sanda uku, attajirin da lauyansa, da kafinta riƙe da sabon kwaɗo. Tun daga bakin lungun na fara ƙirga gidajen. Gida na uku ne mai shuɗiyar ƙofa. Na huɗun, inda muka tsaya, ƙofarsa ta langalanga ce da ba ta taɓa ganin fenti ba.

Kawu bai lura nan take ba, hankalinsa yana kan taron da ya fara haɗuwa. Ya yi sallama, ya karanta takardar kotu da ƙarfi, ya ba mata lokaci su yafa mayafi, sannan ya ce a fara. Aka fito da gado, aka fito da tukwane, wata da tuwon jiya a ciki. Matasan unguwa suka cika lungun ta gaba da ta baya, wasunsu hannu a bayan riga. Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya gyara riƙon bindigarsa. Malam Garba yana tsaye a soro, babu hula, yana ta maimaita magana ɗaya.

“Wallahi ba wanda ya kawo mini takarda. Ku tambayi duk unguwar nan. Ba wanda ya kawo mini takarda.”

Wannan magana mun ji ta sau ɗari a bakin mutane ɗari, yawancinsu ƙarya suke yi. Amma Kawu ya juya ya dubi ƙofar. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya yafito ni da yatsa ɗaya zuwa jikin bango.

“Nasiru, wannan ce shuɗiyar?”

“Kawu, ruwa ne ranar...”

“Ba Kawu na ce ka kira ni ba. Ka ba shi a hannunsa ko ba ka ba shi ba?”

Na ce ban ba shi ba.

Bai zage ni ba, bai ma sake dubana ba. Ya koma tsakiyar lungun ya ɗaga murya ya ce a dakata, duk abin da aka fitar a mayar. Lauyan ya taso masa da Turanci, yana cewa ba shi da hurumin soke hukuncin alƙali, kuma zai kai shi ƙara yau ɗin nan. Kawu ya ce ai bai soke komai ba, ya dakatar da hannunsa ne har sai alƙali ya ji abin da shi ya ji yanzu. Attajirin ya kira shi maciyin amana, ya tambaye shi nawa aka ba shi. Matasan kuwa ba su gane abin da ake ciki ba, suka ɗauka wata dabara ce, wani ya jefo dutse ya fasa gilashin motar lauyan. Na ji ƙarar ƙarfen bindiga. A lokacin Kawu ya shiga tsakanin ɗan sandan da taron, ya juya wa bindigar baya, ya duƙa ya kama ƙafar gadon nan da kansa, ya ce da ni in kama ɗaya gefen. Da matasan suka ga gado yana komawa ciki, sai hannaye suka fara fitowa daga bayan riguna babu komai. Har yau idan na tuna, ina jin ƙarfen gadon yana zamewa a tafina saboda gumi.

Da la'asar ya rubuta rahoto shafi biyu. Sunansa ya fara sawa: shi ne ya sa hannu a kan shaidar da bai tabbatar ba, shi ne ya kai mutane da bindiga ƙofar wanda ba a kira ba. Nawa ya biyo baya, babu ragi babu ƙari. Aka dakatar da ni wata shida, aka rage mini mataki. Shi kuma aka ɗauke shi daga sashen aka kai shi ɗakin ajiye tsofaffin fayiloli, inda ya shekara biyu yana shaƙar ƙura, ƙarin girman da yake jira ya wuce shi har ya yi ritaya.

Mahaifiyata ta same shi har gida. Ina tsaye a tsakar gida ina jinsu.

“Haladu, ɗan cikina? Duk kotun nan ba wanda yake rufa wa nasa asiri sai kai ne waliyyi?”

“Yaya, ba a gida na ba shi takardar ba, a ofis na ba shi. Da an yi harbi a lungun nan, wa za ki ce in rufa wa asiri?”

Ta shekara ba ta taka gidansa ba. Ni na fi ta daɗewa. Abin da ya ƙara mini haushi, da aka sake shari'ar daga farko, bayan shekara biyu Malam Garba ya rasa gidan duk da haka, domin takardun attajirin sun fi nasa ƙarfi. Ranar na tari Kawu a ƙofar masallaci na ce masa to, ga shi nan, me aka tsira da shi? Ya gama sa takalminsa tukuna, sannan ya ce, “Wannan karon yana tsaye aka karanta masa.” Ya hau kekensa ya tafi.

Ba da daɗewa ba na ajiye aikin na taho Riyad. Sallamar da na yi masa ta mintuna biyu ce, a tsaye. Na fara da dakon kwali a kasuwar Aziziya, kuma a can, ina tsakiyar sauke albasa, aka kira ni aka ce Kawu ya faɗi a banɗaki ya cika kafin a kai shi asibiti. Ban sami izinin fita a kan lokaci ba. An binne shi ina ɗauke da buhu.

Yanzu ga abin da ya sa na yi wannan rubutu. Shekara huɗu da suka wuce wani kamfani mai kula da rukunin gidaje a Unguwar Ofisoshin Jakadanci ya ɗaga ni daga mai tsaron ƙofa zuwa mushrif, wato mai duba aikin masu gadi. Mutum goma sha biyu ne a hannuna. Ni nake tsara wanda zai tsaya a ina, ni nake sauraron koken mazauna gidajen, ni nake amsa tambaya idan wani abu ya lalace. Kowane gini akwai takardar zagaye: mai gadi ya hau matakalar baya, ya tura kowace ƙofar tsira ya ga tana buɗuwa, ya sauko ya sa hannu. Ranar Alhamis ni kuma in sa nawa a ƙasa.

A cikin mutanena akwai Habu, mutumin Maraɗi, ya girme ni da kusan shekara goma, 'ya'ya shida a gida. Gwiwoyinsa sun daɗe da gajiya, na sani, kowa ya sani. Na so in mayar da shi ƙofar waje, ya roƙe ni in bar shi a gini na uku domin a can akwai inuwa da kujera. Na bar shi. Ban ƙara hawa matakalar nan da ƙafata ba, saboda kada ya ga kamar ina zarginsa.

Wata Lahadi bayan azahar, mako bakwai da suka wuce, wayar lantarki ta kama wuta a hawa na uku na ginin da Habu yake gadi. Ba babbar wuta ba ce, amma hayaƙi ya toshe matakalar gaba. Wata mai aikin gida, 'yar Habasha, ita kaɗai a saman, ta ruga ƙofar tsira ta same ta ɗaure da sarƙa. Masu fenti ne suka ɗaure don kayansu, suka manta, kwana tara. Ina ƙasa ina jin dukan ƙofar ta cikin bango, yana raguwa. Masu kashe gobara suka yanke sarƙar suka fito da ita a sume. Ta kwana huɗu a asibiti. Ta rayu, alhamdu lillahi. A takardar zagaye kuwa, kwana taran nan duk akwai sa hannun Habu, kuma a ƙasan ta Alhamis akwai nawa.

Washegari mudir, wato manajan kamfanin, ya kira ni ofis. Ya juyo mini da allon kwamfuta. Na'urar ɗaukar hoto ta nuna Habu yana zuwa gindin matakala, ya ɗaga kai sama, ya dafa bango, ya juya. Kullum haka.

“Ya Nasir, magana a fili take,” in ji shi da Larabci. “Mai gadi ya yi ƙarya, ya yaudari mushrif ɗinsa. Rubuta haka, layi uku, a rufe maganar.”

Na ce to. Wallahi to na ce, na fito.

Kwana biyu ina yawo da farar takarda a aljihu. A cikinsu na yi ta gardama da Kawu a raina, kamar yana zaune a kujerar gefe cikin motar aiki. Na ce masa zamaninka daban, Kawu. Kai an kai ka ɗakin fayiloli, amma da yamma kana komawa gidanka, ƙasar taka ce, ba mai korar ka daga cikinta. Nan zaman mutum a rataye yake da iƙama, takardar izinin zama, ita kuma a rataye take da aiki. Idan na sa sunana, za a iya tattara ni da Habu a jirgi ɗaya, kuma ina da mata da yara uku da suke jiran ƙarshen wata. Na ce masa kuma, sa sunana ba zai ceci Habu ba, hoton ya riga ya gama da shi.

Ina tsammanin da Kawu ya ga yau, da na'urorin nan sun ba shi mamaki na yini ɗaya kawai. Idon da ba ya barci a kowane lungu, ɗan yatsa da ake dangwalawa safe da yamma, waya mai nuna inda kowa yake tsaye. Da ya yaba, domin shi mai son tabbaci ne. Amma da ya lura da abin da ni ma na lura da shi a makare: hoton nan ya kwana tara yana nan, ba wanda ya kalla sai da mace ta suma. Na'ura ta nuna Habu bai hau ba. Ba ta nuna wanda ya san gwiwarsa ya bar shi da hawa uku ba. Wannan ni kaɗai na sani, da Habu, da Allah.

Ranar Laraba na rubuta shafi ɗaya da rabi. Na ce na san halin ƙafarsa tun bara, ni na bar shi a ginin, kuma na sa hannu ranar Alhamis ban hau ba. Na rubuta abin da Habu ya yi yadda yake. Na ƙara da cewa ya shekara goma sha ɗaya a kamfanin ba a taɓa rasa ko cokali a gininsa ba, domin wannan ma gaskiya ce. Kafin in miƙa na same shi a ɗakin masu gadi na karanta masa.

Ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye. “Malam Nasiru, tun da ka iya sa kanka, ba ka iya cewa masu fenti ne kawai ba?”

Na ce masu fenti suna ciki, amma ba su suka sa hannu ba.

“Ni na ɗauka kai ɗan'uwa ne,” ya ce. Ya ɗauki butarsa ya fita.

Mudir ya karanta rahoton sau biyu, ya dube ni kamar wanda ya ga mahaukaci, ya ce layi uku ya nema. Mako guda ba a ce mana komai ba. A makon nan duk kiran da ya shigo wayata sai in ɗauka hukuncin ne, abinci kuwa a tsaye nake cinsa. Daga ƙarshe hukunci ya fito. An sauke ni daga mushrif, an mayar da ni ƙofar waje, cikin rana, inda na fara. Habu kuwa an ce ba za a sabunta masa kwantiragi ba, amma an ba shi wata biyu ya nemi wanda zai karɓe shi, maimakon a sa shi a jirgi a makon. Wani a ofis ya raɗa mini cewa maganar gwiwar ce ta jawo wata biyun. Ban sani ba ko gaskiya ne, kuma ba na son in jingina da ita.

Ba zan ce muku zuciyata ta yi fari ba. Matata ta yi kuka a waya. Wanda na koya wa aiki bara shi ne yake duba takardata yanzu. Abin da na gane kawai, a tsaye a ƙofar nan, shi ne yadda Kawu ya ji duk shekarun da nake wuce shi da gaisuwar fatar baki. Ban taɓa tunanin abin yana yi masa ciwo ba. Na ɗauka mutum mai irin taurinsa ba ya jin komai. Yanzu da Habu yake wucewa ta gabana safe da yamma ya kau da kai, na san ƙarya ne.

Kawu bai bar gida na biyu ba, bai bar mota ba, ba a sa wa ko ɗaki ɗaya sunansa a kotun da ya tsufa a cikinta ba. Waɗanda suke aiki a sashen yau ba na jin akwai wanda ya san shi. Abin da ya bari a wurina ba mai daɗi ba ne: ya hana ni iya zama lafiya da ƙaryar da ba wanda zai kama. Na yi shekaru ina ganin wannan zalunci ya yi mini. Yau ba na gani haka, ko da yake har yanzu ban iya kiransa kyauta kai tsaye ba.

Saura kwana goma sha tara a wa'adin Habu. Na yi ta kiran tsofaffin abokan dako a Aziziya har aka dace da wani mai rumbun dankali da yake neman wanda zai zauna a bakin sikeli, aikin da babu matakala a cikinsa. Ya ce in kawo mutumin ya gan shi ranar Asabar. Na aika wa Habu saƙo sau biyu bai amsa ba. Jiya da yamma, ina tsaye a ƙofa, ya zo wucewa kamar kullum. Sai ya tsaya. Bai dube ni ba, titin yake kallo.

“Ƙarfe nawa?” ya ce.

Na ce bayan asuba, zan biyo masa.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙonsa addu'a biyu: Allah ya sa mai rumbun nan ya karɓi Habu, Allah kuma ya yalwata wa Haladu kabarinsa, ya yafe mini sallamar da na yi masa a tsaye.